Hagu da Dama

A shagon Dantani, bayan tashar Argungu,
inda janareto ke tari kamar tsohon mashayin taba,
naira ɗari ce rabin awa.
In fetur ya ƙare kana tsakiyar yaƙi, asararka ce.

A kashi na ɗaya na wasan
takobi guda aka ba mu, da garkuwa.
Dama ta sara, hagu ta tare.
Ai na san wannan rabon tun kafin in san gem:
dama ta ci tuwo, dama ta karɓi canji,
dama ta gaisa da manya,
hagu ta ɗauki buta ta bi bayan ɗaki.

Ni kuwa bahago aka haife ni.
Inna ta sha ɗaure mini hannu da ɗankwalinta lokacin cin abinci,
Malam Arzika ya ƙarasa aikin da gefen rula,
har rubutuna ya koma dama,
yana tafe yana ɗingishi kamar kazar da aka take wa ƙafa.

Kashi na biyu, doki kawai suka ƙara.

Ran da Dantani ya dawo daga Sakkwato da kashi na uku
Sahabi ne ya fara ganowa:
danna nan, riƙe can,
sai jarumin ya yar da garkuwa ƙasa, ƙwal,
ya zaro takobi na biyu daga gadon bayansa.
Na karɓi fad ɗin, gumin wani bai ko bushe a kai ba.
Babban yatsana na hagu,
wanda ya shekara goma sha bakwai yana jiran a kira shi,
ya miƙe bai yi sallama ba.

Sara biyu a numfashi ɗaya!
Na yanke matsaran ƙofa kamar mai girbin shinkafa a fadama.
Amma dodon da ke kan gada bai san da zumuɗina ba.
Sau tara yana shimfiɗe ni,
allon ya yi ja, yara su yi shewa,
kuɗin gyaran keken da aka aike ni da su
suna narkewa a aljihun Dantani.

A karo na goma na ji ƙarnin kifi a bayana.
Kakana ne, Manu, ya biyo sawu,
da lakar Matan Fada a duga-dugansa.
Na jira rankwashi. Bai zo ba.
Ya ƙura wa allon ido, ya ce,
"Wanga yaro, ina garkuwatai?"
Na ce ya yar, Baba, don ya riƙe biyu.

Ya yi tsaki.
"Mu ma homa biyu muka shiga ruwa da su,
guda nan, guda nan, gora ƙarƙashin ciki.
Amma ba tare suka faɗawa ba.
Guda ta kora, guda ta jira.
Kai duka biyun kaka saki awa mai kashe gobara."

Na sake shiga.
Dama ta kora.
Hagu ta jira, ta jira,
kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama,
har dodon ya ɗaga gatarinsa, haƙarƙarinsa ya buɗe.

Ban ga faɗuwarsa ba.
Janareto ya yi tarinsa na ƙarshe, shagon ya yi duhu,
Sahabi na rantsuwa ya ga jinin dodon ya ƙare,
Dantani na cewa ba a biyan bashin wuta.

Keken muka turo har gida, ni da Baba, tayar na lafce.
Da dare na ci tuwo da dama, kamar kowa.
Hagu na kan gwiwata, da ɗan bororo a yatsa,
tana danna abin da babu.